Tambaya da Amsa: Rana a baya, fuska a duhu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ranar Sallah da la'asar na ɗauki mahaifiyata hoto da waya a ƙofar gida, rana tana bayanta. Sama ta fito tas, amma fuskarta ta yi baƙi ƙirin, mayafinta kawai ake gani. Da na ƙara haske sai hoton ya koɗe gaba ɗaya. Ko akwai gyara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Akwai gyara. Hasken sama wayar ta auna, ta ga ya yi yawa ta rage, sai fuskar Mama ta faɗa duhu. Maɓallin Brightness da kika ja kuwa ba ya bambancewa, da inda ke buƙatar haske da inda ya riga ya ƙoshi duk ɗaga su yake yi.

Ki sauke Snapseed, manhajar gyaran hoto a waya, kyauta ce. Ki buɗe hoton, ki shiga Tune Image. Ki kai Shadows tsakanin +40 da +60, shi ne mai ɗaga wuraren duhu kaɗai. Ki saukar da Highlights zuwa kamar −40 don sama da mayafi su natsu. Za ki ga hoton ya ɗan yi lami, sai ki mayar masa da Contrast +10. Brightness kada ya wuce +10.

Sauran aikin a fuska yake. Ki zaɓi Selective, ki taɓa kumatu, ɗigo zai zauna a wurin. Ki matse allo da yatsu biyu, jan launi zai nuna miki iyakar inda gyaran zai shafa. Ki rage shi har ya tsaya a fuska da wuya, sannan ki ƙara haske +20 zuwa +30.

A nan mutane da yawa ke ɓata hoto. Fatar da aka ciro daga inuwa takan fito toka-toka, kamar wanda bai shafa mai ba ranar hunturu, domin hasken inuwa daga shuɗin sama yake zuwa. Maganinsa Warmth (ɗumin launi) +5 zuwa +10 a cikin Tune Image, da Saturation (ƙarfin launi) kaɗan a kan ɗigon fuskar. Ki ajiye wani hoton Mama da aka ɗauka a haske mai kyau kusa da ke, shi ne ma'auninki. Baƙar fata ba duhu ba ce da za a kora, in kika wuce launinta na asali wata matar kika yi.

Ki tsaya da zarar kin ga ɗayan biyu: ɗige-ɗige kamar an watsa yashi a kumatu, ko wani farin zobe da ya kewaye kai da kafaɗa. Duka alamar an matsa da yawa ce, ki janye kamar kashi ɗaya cikin uku. In kika danna hoton kika riƙe, zai nuna miki yadda yake da farko.

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoton biki ne. Ango da farar babbar riga, rana a bayansa. In na haska fuska a manhajar Lightroom sai aikin rigar ya ɓace. Ina matsalar? Daga Maraɗi.

Amsa: Malam, matsalar a zaɓi take. Select Subject da ke cikin Masking mutum gaba ɗaya yake kamawa, har da riga da hula. Bayan ya zaɓa, ka danna Subtract, ka share rigar da Brush, ka bar fuska da wuya da hannuwa. Su za ka ba Exposure +0.7 zuwa +1. Rigar ka yi mata nata zaɓin daban, Highlights −50. In yashi ya bayyana, Noise Reduction 20 zuwa 30 ya isa, fiye da haka fuska za ta zama kamar roba.

Amma farin da ya riga ya ƙone ba ya dawowa, ko ka ja Highlights har ƙarshe toka kawai za ka samu, babu zare babu aiki. Saboda haka ka riƙa auna haske a kan rigar tun wajen ɗauka, ka cika fuska da filasha mara ƙarfi, ko yaro ya riƙe maka farin kwali daga gaba. Kuma ka ɗauka a RAW, wato tsarin ajiye hoto ɗanye yadda kamara ta kama shi, ba JPEG na yau da kullum ba. JPEG matakan haske 256 ne gare shi a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, gwargwadon kamara. Wannan tazarar ce ke ba ka damar haska inuwa ba ta farfashe ba.

Tambaya: Hoton da aka turo mini ta WhatsApp, ina fara haska shi sai ya yi gida-gida. Daga Kumasi.

Amsa: WhatsApp yana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma wuraren duhu ne suka fi jin jiki. Ka roƙi mai hoton ya sake turo maka na asali a matsayin Document, ka yi gyaran a kan wannan.