Turancin zango da Turancin ƙamus

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji ƙorafinka. Ka ce 'yan'uwanka na nan Kumasi, ƙasar Gana, in sun turo maka murya rabin maganar Turanci ne, in ka buɗe ƙamus kuma sai fassarar ta ƙi hawa kan abin da suke nufi. Har ka tambaya ko bokon ne bai zauna musu ba. Ya zauna daram. Turancin da muke yi a unguwannin Aboabo da Asawase sai da ya biyo ta bakin ƙabilun Asante da Ga kafin ya iso gare mu, mu ma muka ɗora masa namu kayan. Wanda ya rubuta ƙamus ɗinka kuwa bai taɓa hawa tiroto ba.

Tiroto ita ce bas ɗin haya ta cikin gari. Ka duba "mate" a littafinka, zai ce maka aboki, ko abokin zama. A nan yaron mota ne, wanda kuke ce wa kwandasta. Za ka gan shi rataye a bakin ƙofa, takardun kuɗi a ninke tsakanin yatsunsa, yana ƙwala sunan tasha, "Kejetia, Kejetia" har muryarsa ta dushe. In za ka sauka shi za ka kira, ya buga jikin mota da kwabo, direba ya taka birki. Tsohuwa mai jikoki "mate" za ta ce masa, ba kuwa abota take nema ba. Haka "lorry", wadda kuka sani da babbar motar kaya: a bakin mutanen nan kusan duk motar haya tana shiga ciki, tasha "lorry station" ce, kuɗin mota kuma "lorry fare".

Wadda ta fi rikita baƙo ita ce "million". A 2007, zamanin Shugaba Kufuor, aka canja kuɗi, aka yanke sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabo ɗaya. Takarda ta canja, baki ya ƙi. Har gobe akwai dattawan mata a kasuwa da za ka taya musu atamfa su ce maka "two million", alhali sidi 200 suke nufi. Na ga baƙo daga Najeriya ya ajiye turmi ya juya da sauri kamar an ce gobara, mai kayan na bin sa da kira. Yaran yanzu sun fara barin wannan lissafi, amma in kakarsu ta aike su dole su juya shi a ka.

Ka yi tambaya musamman kan "outdooring" da ka gani a katin sunan jaririn yayarka. Ƙaramin ƙamus na makaranta zai ba ka "outdoor" kawai, wato abin da ake yi a fili. A al'adar Ga da Akan ba a fito da jariri sai ya kwana bakwai, rana ta takwas da sassafe a nuna shi ga dangi a raɗa masa suna. Fitowar nan ce ta ba bikin sunansa na Turanci. Namu sunan yana nan yadda ka san shi: rana ta bakwai, malamai su taru bayan asuba, a yanka rago, a raba goro, a sha koko da ƙosai, wanzami ya yi aski. Amma maƙwabcinmu Kirista, da abokin aikin uban jariri, in ka rubuta musu wata kalma daban ba za su gane me ake gayyatarsu ba. Saboda haka kati ya ce "outdooring", bakinmu ya ce suna. Akwai malaman da ba sa son haka, suna ganin kalmar ta taho da warin gargajiya. Ni dai ban ga aibinta ba, tunda abin da ake yi a tsakar gida bai canja ba.

Sarauta ma da nata. "Stool" a ƙamus 'yar kujera ce marar majingina, irin ta tsakar gida. A ƙasar Asante gadon mulki ne sukutum, shi ya sa jarida za ta ce an yi wa Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu "enstool" a 1999. A arewacin Gana kuwa kan fata sarakuna ke zama, sai aka ƙera "enskin", kamar yadda aka yi wa Ya Na na Dagomba a Yendi a 2019. Sarkin Zango namu shi rawani ake naɗa masa, kamar gida.

Sauran ƙanana ne. "Chop money" kuɗin cefane, "chop box" akwatin katakon da ɗan makarantar kwana ke zuba garinsa da sukari, "rubber" leda. "Please" ɗin da suke jefawa a farkon kowace magana har ta dame ka, ladabin Asante ne aka juya, don a harshensu ba ka buɗe baki gaban babba sai da neman afuwa.

Kada kuma ka ɗauka aro kawai muke yi. Tun zamanin fataucin goro ta Salaga kakanninmu ke zuba kalmomi a ƙasar nan, yau ga su a allon masu abinci a Akara: "waakye" wake da shinkafa ne, "koose" ƙosai, "tuo zaafi" tuwo mai zafi. Matan da ke dako a ka ana ce musu "kayayei", kaya namu, ƙarshen kalmar na Ga. Ku ma can kuna da irin wannan, har babban ƙamus na Oxford ya karɓi "Kannywood" da "okada" da "danfo" a 2020, daga baya "suya" ta bi su.

Don jarrabawarka, riƙe ma'anar littafi, ita mai maki zai nema. In saƙon 'yan'uwanka ya ɗaure maka kai kuma, su za ka tambaya, ka fara da tambayar ko kuɗin da suka faɗa tsohon lissafi ne ko sabo. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata goron da ta yi saƙo yana hanya.