Amsa ga mai tsoron lissafi a digiri na biyu na ilimin annoba

'Yar uwa, kin ce kin gama karatun jinya, kina sha'awar digiri na biyu a ilimin annoba, amma tsoron lissafi ya hana ki cike fom. Da irin wannan fargabar na shiga ni ma.

Lissafin yana nan, ba zan ɓoye miki ba, sai dai yawancinsa kaso ne da rabawa. Makonnin farko a kan jadawali mai gida huɗu muka ƙarar da su: wa ya haɗu da abin da ake zargi, wa bai haɗu ba, wa ya kamu, wa ya tsira. Wadda ta saba auna wa yaro magani gwargwadon nauyinsa, wannan ba zai gagare ta ba. Mai wuyar kuwa kwamfuta ce ke yi. Manhajar R kyauta ce, Stata sai an biya lasisi. Ki ɗauki ɗaya ki fara taɓawa tun yanzu.

Ni dai ba a lissafi na sha kashi ba. A binciken kammalawa ina neman alaƙar ƙiba da hawan jini, sai na tattara bayanai daga masu zuwa asibiti kaɗai, don su ne kusa da hannu. Wata biyu ina shigar da lambobi har idona ya yi ja. Ƙimar p, lambar da ake dubawa a ga ko sakamako ya wuce a ce dace ne kawai, ta fito ƙasa da 0.05 kamar yadda ake so, na nufi ofishin malamin da ke duba aikina ina washe baki. Ko kallon lambar bai yi ba. Ya ce, "Masu hawan jinin da ba su ma san suna da shi ba, suna zaune a gida, ina ka sa su? Shekaru fa? Ba ka ga ƙibar da hawan jinin duka suna bin shekaru ba?" Na yi tsuru-tsuru. Ga shi a takardar tambayoyin ban nemi shekarar haihuwa ba, wasu sun rubuta "kusan arba'in" kawai. Babu manhajar da ke gyara irin wannan ɓarnar, dole na koma fili.

Sai a lokacin na gane dalilin da ake ta maimaita mana labarin John Snow, wani likita ɗan Ingila. A 1854, da kwalara ta ɓarke a Landan, taswira ya zana, ya bi gida-gida yana tambayar inda ake ɗibar ruwa, har zargi ya tsaya a kan famfon titin Broad. Ya ma bincika abin da ya sa ma'aikatan wata masana'antar giya da ke kusa ba su kamu ba, ashe ba ruwan famfon suke sha ba.

Saboda haka darasin hanyoyin bincike, wanda ɗalibai ke rainawa don ba lambobi a ciki, shi za ki riƙe da hannu biyu. Kafin ki zaɓi makaranta kuma, ki tambayi tsofaffin ɗalibanta ko ana ba su bayanai na gaske su tsaftace da kansu, ko kuwa a allo kawai ake gama komai.