Ku Tambaya Mu Amsa: Damagaram ko Kano, ina rayuwa ta fi sauƙi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina yini ya aiki. Ni tela ne a unguwar Birni nan Damagaram, mata ɗaya yara huɗu. Ƙanena da ke zaune Kano kullum sai ya kira ni a WhatsApp wai in tattara iyali in komo can, wai Najeriya ta fi Nijar ci gaba nesa ba kusa ba, ni kuma gaskiya ɗinki ya ja baya nan sai lokacin salla. Don Allah tsakanin ƙasashen nan biyu ina talaka ya fi jin daɗin rayuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kekenka. Ƙanenka bai yi ƙarya ba in maganar kasuwa ce. Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ya ga yadda ake jibge dilar shadda da atamfa ya san Kasuwar Dole tamu ba ta kai nan ba, jama'a sun yi yawa, biki da suna ba sa yankewa, tela mai hannu ba zai zauna yana korar ƙuda ba. Ga manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano, ga Jami'ar Bayero. Wannan duk gaskiya ne.

Amma ni abin da nake so ka duba shi ne me zai rage a aljihunka ƙarshen wata, don ba gada ko dogon bene za ka dafa wa yara ba. Sefa tamu a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya kusan sefa 656 shekara da shekaru ba ta motsi, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗi warwas, har jika ɗaya tamu, wato sefa dubu, ta wuce naira dubu biyu a hannun ƴan canji. Ka ga mafi ƙarancin albashi a Najeriya an kai shi naira 70,000 a 2024, namu nan jika 42 ne, a kunne nasu ya fi girma amma ka canza jika 42 ɗin zuwa naira ka gani, ya zarce nasu. To kai da za ka riƙa karɓar kuɗin ɗinki da naira kana turo wa tsohuwa nan gida da sefa, kafin ya iso Damagaram ya narke kamar man shanu a rana.

Sai man fetur. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafi, lita da ake sha ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta taɓa dubu, kuɗin adaidaita sahu da kwanon shinkafa duk suka bi ta. Mu nan albarkacin matatar SORAZ da ta fara aiki a 2011 a bayan garinmu, an ma rage lita zuwa sefa 499 a 2024, dala ɗari ba kaɗan ke nan. Da can mu ke sayen man Najeriya a kwalba bakin hanya, yanzu labari ya sha bamban.

Ba kuma zan ɓoye maka namu ciwon ba, ai ka fi ni sani. Ruwa a Damagaram wahala ne tun kaka da kakanni, watan bazara na sha ganin mata da yara sun jera bido tun kafin kiran asalatu suna jiran famfo ya tsiyayo, in bai zo ba sai ƴan garuwa, kuɗin da ya kamata ya shiga tiyar hatsi ya tafi a ruwa. Kuran ɗinmu ma, wato wutar lantarki, a 2023 daga Najeriya ake jawo mafi yawansa, ka tuna duhun da muka sha da suka yanke bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Sai dai su ma can tela da ba shi da janareto ko sola aikinsa tsayawa yake, ka tambayi ƙanenka nawa yake zuba wa mai a sati.

Wani abu da mutane ke mantawa shi ne yara. Naka sun fara lakwal da Faransanci, can kuma Turanci ne, babban cikinsu sai ya koma baya aji ɗaya ko biyu. Ga hayar gida da a Kano shekara guda ake biya gaba ɗaya, alhali nan ina jin a gidan gado kake zaune ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Shawarata kar ka ɗaga iyali yanzu. Kano ba nisa, kilomita 240 ne ko kusa, ka bi ta Matamaye ka faɗa Daura ka isa a yini guda. Ka je kai kaɗai wata biyu kafin azumi lokacin da ɗinki ke zafi, ka zauna shagon wani, ka sayi ɗan littafi kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, abinci da mota da mai, bayan salla ka canza ragowar zuwa sefa ka aza kusa da abin da ka saba samu nan a irin wannan lokaci. Ka rubuto mana abin da lissafin ya ba ka, a gaida uwargida da yara.