Ɗana ya zo na uku, in kwantar da hankalina?

Maman yara, kin ce yaronki ya zo na uku a firamaren gwamnati da ke Tudun Wada, Zariya. Madalla, amma katin sakamako kaɗai bai isa ba. A ajin da ya cika maƙil, na uku ma yakan kasa haɗa baƙi.

Ki gwada shi a gida. In ɗan aji 3 ne, ki ba shi layi biyar na Hausa da bai taɓa gani ba, domin hadda tana rufa wa yaro asiri. Sai ragewa mai aro, kamar a cire 27 daga 52. Ki duba littafinsa, jan biron malami na ratsawa duk mako kuwa?

In ya gaza, ki fara ganin hedimasta, sannan kwamitin iyaye da al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, kafin ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Zariya.