Amsa kan shafe cikin ƙananan ramuka da ƙwayoyin nano

Assalamu alaikum. Malam, na saurari tambayarka kan dalilin da ya sa shafin ƙwayoyin nano (ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani) da kuka yi a bangon ramukan alumina (sinadarin alminiyam da iskar oksijin) ya fito siriri ƙwarai, alhali na kan gilashi ya yi kauri yadda ake so. Ina jin abin da kake son sani shi ne ko ruwan ƙwayoyin naku ne ya lalace. Bai lalace ba, ƙuncin ramin ne ya jawo haka.

Hanyar da kuke bi, wadda masanin kimiyyar sinadarai Gero Decher ya yaɗa a farkon shekarun 1990, ta dogara ne kan caji: a tsoma abu cikin ruwa mai ɗauke da sinadari mai cajin fozitif, a ɗauraye, a tsoma cikin mai negatif, a yi ta maimaitawa. A kan shimfiɗaɗɗen gilashi ƙwayar silika (sinadarin da ke cikin yashi) tana isa inda za ta manne ba tare da shamaki ba. A rami mai faɗin nanomita 50 kuwa (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), da zarar sahun farko na ƙwayoyin ya manne a bakin, bangon ya ɗauki caji irin na ƙwayoyin da ke biye, sai ya riƙa tunkuɗe su tun kafin su shiga. Nisan da tunkuɗar ke kaiwa, wato tsawon Debye, kusan nanomita 10 ne a ruwa mai gishiri milimola 1 (ma'aunin yawan gishiri a ruwa), amma yana sauka zuwa kusan nanomita 1 a milimola 100. Idan ƙwayarku mai nanomita 15 ce, daga faɗin 50 ɗin ka cire 30 na waɗanda suka manne a gefe biyu, ka cire 20 na tunkuɗa (10 a kowane gefe), za ka ga babu hanyar da ta rage.

Saboda haka ku ƙara gishiri, amma kaɗan-kaɗan, domin idan ya yi yawa ƙwayoyin za su dunƙule tun a kwalba su toshe bakin ramin. Ku kuma tsawaita lokacin tsomawa da na ɗauraya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu ajiye gilashi kusa da samfur, su auna kaurin da ke kansa, sannan su rubuta cewa haka yake a cikin rami. Na sha ganin wannan a rahotanni, har ana gina lissafin tace ruwa a kansa, alhali ba wanda ya leƙa cikin ramin ko sau ɗaya. Ku karya samfurin, ku duba shi da maikuroskof na elektron a baki da tsakiya da ƙarshen ramin, sannan ku turo mini hotunan.