Feda Mai Kama Takalmi: Wacce Zan Ɗaura Wa Keken Tserena?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan da na sayi keken tsere na gwanjo. Asabar da Lahadi nakan fita da abokaina, mu yi kilomita 50 zuwa 60 a hanyar Wudil, kuma har yau da feda ta gama-gari nake tuƙi, sanye da kambas. Wani abokina ya ba ni kyautar feda ƙirar Look, amma babu abin nan da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi. Mai shago ya ce yana da na Shimano, wai duk masu rami uku ne, zai shiga. Takalmin ma ban saya ba tukuna. Shekaruna 44, gwiwata ta hagu takan dame ni in tafiya ta yi nisa, kuma gaskiya ina tsoron faɗuwa a cikin cunkoso. Me zan saya?

Mai karatu daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka karɓi abin da mai shagon ya miƙo maka. Abin da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi sunansa kilit, kuma gaskiya ne na Look da na Shimano SPD-SL duk da noti uku ake ɗaura su, a ramuka iri ɗaya. Amma a wajen takalmi kawai suka haɗu. Bakin da ke shiga cikin feda ba ɗaya ba ne. In ka matsa masa zai iya yin kamar ya shiga, sai ya suɓuce lokacin da ka miƙe tsaye kana taka keke da ƙarfi, ko kuma ya maƙale ya ƙi fita lokacin da kake neman sa ƙafa a ƙasa. Kowace feda da kilit ɗinta. Hatta a gidan Look ɗin akwai tsari biyu, tsohon da ake kira Delta da sabon da ake kira Keo, kuma na wannan ba ya shiga waccan. Ka juya fedar da aka ba ka, in Keo ce za ka ga an rubuta a jikinta.

In za ka nema a intanet, sunan da Turawa suka ba irin wannan feda shi ne clipless, wato marar kwandon ƙafa. A da 'yan tsere kan cusa ƙafa a wani kwandon ƙarfe su ɗaure da igiyar fata. A 1984 kamfanin Look na Faransa, wanda dama yake ƙera abin riƙe takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara, ya fito da fedar da ake takawa ta kama, a murɗa diddige waje ta saki. Da ɗan tseren Faransa Bernard Hinault ya ci babbar gasar tseren keke ta Tour de France ta 1985 da ita, sai sauran suka bi. Shimano kuma ta fito da nata ƙaramin tsarin, SPD mai noti biyu, a 1990, domin masu keken dutse da ke yawan sauka suna taka laka.

Wannan tsarin na biyu shi nake so ka duba da kyau, don tunda ba ka sayi takalmi ba, ƙofa a buɗe take. Takalmi ne ke yanke hukunci, ba feda ba. Mai rami uku ƙasansa sumul ne, kilit na roba mai faɗi yana zaune a waje, shi ne ke taɓa ƙasa duk lokacin da ka sauka. Mai rami biyu kuwa an yi wa kilit ɗin gurbi a cikin ƙasan takalmin, ƙaramin ƙarfe ne da ya nutse tsakanin haƙoran roba, kana iya tafiya da shi kusan kamar takalmin yau da kullum.

Sai ka lissafa sau nawa ƙafarka ke taɓa ƙasa daga ƙofar gidanka zuwa inda gari ya ƙare. Danja, shataletale, ɗan adaidaita sahu da ya ci birki a gabanka don ya ga fasinja, ramin da ya sa kowa ya rage gudu. Sannan a hanya ku tsaya wajen mai shayi, ku taka yashi, wani lokaci ku ratse don yin sallah. Feda mai noti uku ta Look ko Shimano fuska ɗaya gare ta, duk tashi sai ka lalubo ta da yatsa ka juyo ta kafin ka taka, kuma ƙasan takalmin na santsi in ka kuskure. SPD irin PD-M520 fuska biyu gare ta, duk ta inda ka taka ta kama. Kilit ɗinta na ƙarfe yakan yi shekaru, na roba kuwa tsakuwa da kwalta suna cinye shi cikin watanni in kana yawan tafiya a kansa. Da ni ne kai, SPD zan fara da ita, in adana kyautar abokina har ƙafata ta saba. In kana son wadda ta fi dacewa da surar keken tsere akwai PD-ES600, in kuma kekenka shi ne na zuwa kasuwa a ranakun aiki akwai PD-EH500, wadda fuskarta ɗaya shimfiɗaɗɗiya ce da za ka taka da silifa.

Za ka ji masu cewa SPD ba ta keken tsere ba ce, tana rage ƙarfi. Ban yarda da su ba a irin tafiyar da kake yi. Abin da mai noti uku ta fi shi ne faɗin wurin taka, ƙafa ba ta rawa gefe da gefe, kuma wanda ke yin awa biyar a kan sirdi ko yake fafatawa a ƙarshen tsere zai ji bambancin. Amma in ƙasan takalminka mai tauri ne, shi ke rarraba nauyin, ba za ka ji ƙanƙantar kilit ɗin ba. Maganar nauyi kuma: PD-M520 guda biyu gram 380 ne, a fedojin Shimano masu noti uku kuma, samfurin 105 gram 265, Ultegra 248, Dura-Ace mafi tsada 228. Tsakanin 105 da Dura-Ace gram 37 ke nan, bai kai kurɓin ruwa biyu daga gorarka ba, kuɗin kuwa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kuɗin da za ka kashe a can ka zuba shi a takalmin da ya yi maka daidai.

Haka nan kada ka sa ran gudunka zai ƙaru da yawa don ka maƙale ƙafa. Ana yawan cewa za ka riƙa jan feda sama, amma a tafiyar yau da kullum kusan duk ƙarfin daga takawa ƙasa yake fitowa. Ribar gaskiya ita ce ƙafarka na zama wuri ɗaya kullum, ba ta zamewa in ka faɗa rami ko ruwan sama ya jiƙa feda, kuma kana iya juya ƙafa da sauri ko ka miƙe a hawa da kwanciyar hankali.

Yanzu ga gwiwarka, wadda ita ta fi damuna a wasiƙar nan. A kan feda ta gama-gari ƙafarka na gyara zamanta da kanta ba tare da ka sani ba. Ranar da ka maƙale ta, wannan 'yancin ya ragu, kuma gwiwa ce za ta biya in an ɗaura kilit a karkace. A juyi 85 cikin minti ɗaya, awa uku ya haura juyi 15,000, kuskuren da bai kai faɗin farce ba za a maimaita shi sau 15,000. Shi ya sa aka yi wa kilit wasa, wato ɗan sararin da diddige zai motsa dama da hagu kafin fedar ta saki, kuma launi ne ke nuna yawansa. A Shimano SPD-SL, ruwan ɗorawa digiri 6 ne, shuɗi digiri 2, ja ba ya wasa ko kaɗan. A Look Keo, ja digiri 9, ruwan toka 4.5, baƙi ba ya wasa. Ka lura da ja ɗin nan: a Look shi ne mafi sakewa, a Shimano shi ne mafi ƙuntatawa. Na ga wanda ya sauya feda ya ce a ba shi ja kamar yadda ya saba, bayan mako biyu ya kasa hawa bene. Idan ka zaɓi amfani da kyautar abokinka tun yanzu, ka nemi ja ko ruwan toka, ka bar baƙi ga wanda ƙwararre ya auna masa ƙafa. SPD kuwa wasanta kimanin digiri 4 ne, ya ishi yawancin mutane.

A SPD ma kilit iri biyu ne. SH51 baƙi ne, sai ka murɗa diddige waje yake saki. SH56 fari ne kamar azurfa, da harafin M a jikinsa, yana saki ko ka fizgi ƙafa a karkace zuwa sama, wato yadda mutum ke yi in ya firgita. Mai tsoron cunkoso da shi ya kamata ya fara. In ƙafa ta saba, ka fara miƙewa kana ja da ƙarfi, sai ka koma SH51.

Akwai kuma feda ƙirar Speedplay, wadda kamfanin Wahoo ya saya a 2019. Fuska biyu gare ta, ana iya daidaita wasanta daga 0 zuwa digiri 15, masu ciwon gwiwa da yawa na sonta. Sai dai sifirin ɗinta a cikin kilit yake, a ƙasan takalmi, in ka taka yashi sai ya cika ta ƙi kamawa, ga wahalar samun kilit in ya ƙare. A Kano ba zan ba ka shawararta ba. Fedar kamfanin Time ma tana da sauƙin shiga da wasa mai kyau, matsalarta ita ma ta samun kayan gyara ce.

Ga yadda za ka ɗaura kilit. Sa takalmin, ka lalubo ƙashin da ya tuɗo a gindin babban yatsa, ka yi alama da alli a gefen takalmin. Yi haka ga na gindin ƙaramin yatsa. Tsakiyar kilit ta faɗo tsakanin alamomin biyu, wato ɗan baya kaɗan da gindin babban yatsa. In za ka yi kuskure gara ka yi shi ta baya, don kilit da ya yi gaba da yawa yana gajiyar da agara da sha-raɓa, yana kuma sa yatsu su mutu. Sai ka zauna a bakin teburi ka saki ƙafafu su yi reto, ka duba inda yatsunka suka fuskanta. In ta hagu ta ɗan kalli waje, a haka za ka ɗaura kilit ɗinta, kada ka tilasta mata miƙewa don ta yi daidai da ta dama. In ka hau, diddige ya kasance yana da saura ta ɓangarorin biyu. In kana jin yana tokare da iyaka, ka sauka ka gyara.

Ka sake auna tsayin sirdi, domin kaurin ƙasan kambas da na sabon takalmi ba ɗaya ba ne. Ciwon gaban gwiwa yakan nuna sirdi ya yi ƙasa, na bayanta kuma ya yi sama. Mai yiwuwa ma abin da ke damunka yanzu daga nan yake. Ka riƙa gyara abu ɗaya a lokaci guda, milimita biyu ko uku, in kuwa gwiwar na kumbura ko tana ciwo ko ba ka hau keke ba, likitan ƙashi za ka gani.

Wajen sayen takalmi, ka gwada shi da yamma da safar da za ka riƙa sawa, don ƙafa na kumbura a zafi. Da yawanmu ƙafarmu na da faɗi, takalman tsere kuwa matsattsu ne, amma kamfanonin Shimano da Lake suna yin masu faɗi. In na gwanjo ne, ka duba ramukan noti ba su yi tsatsa ko sun lalace ba. Kilit kuma ka saye shi sabo, a inda ka amince, domin jabunsa ya yi yawa kuma robarsa na tsagewa.

Fedar hagu a juye ake ɗaura ta, saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, akwai L da R a jikinsu. Ka shafa giris, ka fara murɗawa da hannu kafin ka sa sifana mai lamba 15 ko alanki. Bayan fedar akwai ƙaramin noti mai alamar + da −, ka mayar da shi can ƙarshen −, a fuskoki biyun in SPD mai fuska biyu ce. Da hunturu kada ka zuba mata baƙin mai, ƙura zai kwasa. Buroshi da ɗigon man sarƙa mara danƙo sun isa.

Tsoron faɗuwa kuma horo ne maganinsa. Ka jingina da bango ka shiga ka fita sau talatin kowace ƙafa, sannan ka je filin da ba mota ka yi ta tashi da tsayawa. Zaɓi ƙafa ɗaya da za ka riƙa saukewa kullum. Na fi son ta dama, don a hannun dama muke tuƙi, jikinka zai karkata ne zuwa gefen titi ba cikin motoci ba. Ka cire ta tun kana hango tsayawa, ba sai keke ya tsaya ba, kuma ka rage giya kafin ka tsaya don tashi ya zo da sauƙi. Mako biyun farko ka fita da asuba kafin titi ya cika.

Bayan fita ta farko da ta biyu, ka sake ɗaure notocin kilit da alanki mai lamba 4. Na taɓa rasa noti ɗaya daga cikin biyun SPD a tsakiyar tafiya. Na murɗa diddige, takalmi ya juya, kilit ya tsaya cak a cikin feda, sai da na jingina da wata bishiya na zare ƙafata na bar takalmin a maƙale. Tun daga ranar nake ajiye noti ɗaya a jakar ƙarƙashin sirdi, tare da faci da alanki.