Tambaya da Amsa: Buɗe wurin cajin Keke Napep da mota a Sakkwato

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a bakin titi a Mabera, ina son in buɗe wurin cajin ababen hawa masu amfani da lantarki. Da wace na'ura zan fara, kuma wutar gari za ta ɗauka?
Daga wani mai karatu, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin ba baƙo ba ne a garin nan. Tun 2021 hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, lokacin Jelani Aliyu na shugabancinta, ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Shawararmu ka fara da Keke Napep da babura, mota ta biyo baya. Batirin keke mai bolt 72 da amp 100 yunit 7 ne da 'yan kai, alhali motar lantarki ta Hyundai Kona tana cin yunit 64. Cajar bango mai kilowat 7 sai ta yi awa tara zuwa goma kafin ta cika Kona. Mai saurin nan ta kilowat 50 kan kai ta kashi 80 cikin kusan awa guda, amma tana son wuta mai layi uku, galibi da taransifomarta ta kanta. In ka jona ta a ta unguwa, kai da maƙwabta za ku kwana a duhu. Ka fara zuwa ofishin Kaduna Electric su auna nauyin da layinku zai ɗauka.

Ga lissafin sola. Keke goma a yini yunit 70 ke nan. Faifan kilowat ɗaya yakan ba da yunit huɗu zuwa biyar a yini, don haka kana bukatar faifai 30 masu wat 550. Ka yi rumfa da su, inuwar ta sauka kan caja da keken. Wannan ba ƙawa ba ce: a zafin Afrilu, da na'ura ta ɗau zafi take rage gudu da kanta, batir kuma ya tsufa da wuri. Lokacin hunturu a wanke faifan da sassafe ko sau biyu a mako, don ƙura na cinye wuta. Janareton dizal kuwa a bar shi sai ta ɓaci. Hayaƙin da aka guda ne zai dawo ta bayan gida.

Inda aka fi yin kuskure shi ne waya. Cajar kilowat 7 tana jan amp 32 na awoyi ba hutu, sai wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6, da birekarta ta amp 40, da makarin da ke yanke wuta in ta zurare. Soket ɗin ɗaki narkewa yake yi. Sannan ƙasarmu busasshiya ce, sandar as (ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don ya kwashe wutar da ta zurare) ɗaya ba ta cika isa ba, caja kuma ba ta tashi in as bai yi kyau ba. A kafa sanduna biyu ko uku da zurfi, a auna su da rani.

Kafin ka biya kuɗi, duba bakin caja. Motocin da aka ƙera don kasuwar Sin GB/T suke amfani da shi, na Turai kuma Type 2 da CCS2, ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da mahaɗi.